TABAR WIWI DA DOKA: ABIN DA YA KAMATA KOWANE GIDA YA SANI

 A wannan fitowa, filinmu na wayar da kai zai yi bayani a kan tabar wiwi, wadda wasu ke kira ganye, da abin da doka ta ce game da ita.

A zagayen da muke yi wa ƙungiyoyin manoma da na mata masu adashi da na matasa a Augie, Bayawa, Tiggi, Birnin Tudu da sauran garuruwan da muke aiki, akwai maganganu uku da muke yawan ji. Wasu samari na cewa ai an halatta wiwi a Amurka, saboda haka mu ne kawai aka bari a baya. Wasu na cewa ai likitocin Turai sun tabbatar magani ce. Wasu kuma na cewa akwai jihar da ta ba da izinin noma ta a Najeriya, kuma ba da daɗewa ba za a ba kowa. Kowace magana cikin ukun nan tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa take saurin shiga kunne. Amma wanda ya dogara da ita yana iya rasa gonarsa, ko babur ɗinsa, ko shekarun ƙuruciyarsa a gidan yari. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a gaban alƙali ba ya zama uzuri.

MECE CE TABAR WIWI?

Tsiro ce mai ganye kamar yatsun hannu. Wanda bai san ta ba yana iya ɗaukar ta rama ce, domin ganyensu ya yi kama, ko da yake ba danginsu ɗaya ba. A cikin furenta da ganyenta akwai sinadarai da yawa, amma biyu aka fi magana a kai. Na farko shi ne THC, wanda ke bugar da mutum, ya sauya masa tunani da gani da ji. Na biyu shi ne CBD, wanda ba ya bugarwa, kuma shi ne masu haɗa magunguna suka fi mai da hankali a kansa. Akwai wani irin wiwi da sinadarinsa mai bugarwa kaɗan ne ƙwarai, wanda a wasu ƙasashe ake nomawa don a sami zare da igiya, kamar yadda muke yi da rama.

Masana tarihi da dama sun ce shan wiwi ya bazu a Najeriya ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu da ya ƙare a 1945, ta hannun sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da suka dawo daga Indiya da Bama da Arewacin Afirka. An fi noma ta a ɓoye cikin dazuzzukan jihohin Ondo, Edo, Delta, Osun da Ekiti, daga can ake loda ta a motoci zuwa Arewa. Wani bincike da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairu na 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14 da dubu 300 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Daga cikinsu, miliyan 10 da dubu 600 wiwi suka sha. A shiyyarmu ta Arewa maso Yamma, adadin masu ta'ammali da kayan maye ya kai kashi 12 cikin 100, wato kimanin mutum miliyan 3. Ke nan ba matsalar Legas ko Kano ba ce kaɗai, tana nan a ƙofar gidanmu.

DOKOKIN NAJERIYA

Tun zamanin Turawa aka hana wiwi a ƙasar nan, ta dokar miyagun magunguna ta 1935. A 1966 gwamnatin soja ta Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa doka ta musamman a kan wiwi, wadda ta tanadi hukuncin kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya shuka ta. An sassauta dokar a 1975, aka sake tsananta ta a 1984. Daga nan, a watan Disamba na 1989, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Yaƙi da Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, wadda kowa ya sani da NDLEA. Da dokar wannan hukuma ake gurfanar da yawancin waɗanda aka kama a yau, kuma kotuna sun riga sun yanke cewa wiwi tana cikin abubuwan da dokar ta hana.

Ga hukuncin da dokar ta tanada a taƙaice:

1. Wanda ya shuka ta, ko ya sarrafa ta, ko ya shigo da ita ƙasar nan ba da izini ba: ɗaurin rai da rai.

2. Wanda ya yi safarar ta daga wani wuri zuwa wani, ko ya fitar da ita waje: ɗaurin rai da rai.

3. Wanda ya sayar, ko ya saya, ko ya kasa ta don sayarwa: ɗaurin rai da rai.

4. Wanda aka samu da ita a hannunsa da saninsa, ko yana shan ta: ɗaurin shekara 15 zuwa 25.

5. Mai gida ko mai shago da ya bari ana ajiye ta ko ana hada-hadarta a wurinsa da saninsa: ɗaurin da zai iya kai shekara 25.

Ban da ɗauri, kotu tana da ikon ƙwace mota ko babur ko wata dukiya da aka yi amfani da ita wajen aikata laifin, ko wadda aka saya da kuɗin cinikin. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'o'in da aka shigar ƙarƙashin wannan doka, kuma tana da reshe a Birnin Kebbi.

Gaskiya ne cewa sau da yawa alƙalai kan yanke hukunci ƙasa da abin da muka lissafa, musamman ga wanda aka kama da 'yar kaɗan, karon farko, kuma ya amsa laifinsa. Wani ma akan ba shi zaɓin tara. Amma wannan sassauci ne na alƙali, ba haƙƙin wanda ake tuhuma ba ne, kuma ba wanda zai iya yi wa kansa alkawarin samun sa. Ko da mutum ya biya tara ya fito, sunansa ya shiga littafin waɗanda kotu ta taɓa kamawa da laifi, abin da kan iya tare masa hanyar aikin gwamnati ko bizar tafiya waje.

Majalisar Dokoki ta Ƙasa ma ba ta nuna alamar sassautawa ba. A watan Mayu na 2024 Majalisar Dattawa ta amince da hukuncin kisa ga masu fataucin miyagun ƙwayoyi. Daga baya majalisun biyu suka daidaita a kan ɗaurin rai da rai. A watan Yuni na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙi sa hannu a kan wannan gyara, saboda wani sashe da ya shafi kuɗin da ake ƙwacewa a hannun masu laifi. Ba a kan batun halatta wiwi aka yi saɓanin ba.

SHIN JIHA ZA TA IYA HALATTA TA?

Nan ne mutane suka fi rikicewa, don haka za mu ɗan tsaya a kai.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya raba ikon yin doka tsakanin tarayya da jihohi. Akwai jerin abubuwan da Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce kaɗai ke da ikon yin doka a kansu, kamar tsaro da kuɗin ƙasa da aikin 'yan sanda. Abu na 21 a wannan jeri shi ne magunguna da guba. Sashe na 4 na kundin kuma ya ce idan dokar jiha ta ci karo da ta tarayya, ta tarayya ce za ta yi aiki, ta jihar kuwa ta faɗi gwargwadon inda ta saɓa. Ma'anar wannan ita ce, ko da Majalisar Dokokin Jihar Kebbi ta zauna gobe ta ce ta halatta wiwi, jami'in NDLEA zai kama mai shan ta a Argungu, Babbar Kotun Tarayya kuma za ta ɗaure shi. Gwamna ba ya ba da wannan izini, haka shugaban ƙaramar hukuma, haka hakimi ko mai unguwa.

Jita-jitar cewa wata jiha ta halatta noman wiwi ta samo asali ne daga Ondo. A watan Mayu na 2019 gwamnan jihar na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya kai ziyara ƙasar Tailan don ganin yadda suke noma ta saboda magani, ya kuma yi kira ga gwamnatin tarayya ta ba da dama a yi haka a Najeriya, yana mai cewa za a sami kuɗin shiga da ayyukan yi. A lura da kyau, kira ya yi ga tarayya, domin ya san ikon ba a hannunsa yake ba. An kuma gabatar da ƙudurori a Majalisar Wakilai masu neman a ba da lasisin noma ta don magani da masana'antu. A watan Maris na 2023 'yan majalisa da yawa suka tashi suka soki ƙudurin, aka jingine shi. Shugaban NDLEA, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, wanda ya kama aiki a watan Janairu na 2021, ya sha faɗin cewa ba ya goyon bayan a halatta shan ta. A watan Oktoba na 2025 ya ce hukumarsa ba ta ƙi a tattauna batun fitar da man wiwi zuwa ƙasashen da ke buƙatarsa ba, muddin ana sa ido sosai, amma ba don amfanin cikin gida ba. Wannan ra'ayi ne da aka faɗa a wurin taro, bai zama izini ga kowa ba.

Abin da jiha za ta iya yi shi ne ta ƙara tsanantawa. A watan Disamba na 2000 Jihar Kebbi ta fara aiki da shari'ar Musulunci a zamanin Gwamna Adamu Aliero. Dokar ta shafi Musulmi, kuma ta hana kayan maye. Saboda haka a jiharmu ba wata ƙofa da ke buɗe: Kirista da Musulmi duk suna ƙarƙashin dokar tarayya, Musulmi kuma yana da ƙarin dokar jiha a kansa.

To, me ya sa abin ya yiwu a Amurka? Ita ma tarayya ce, amma tsarinta ya bambanta da namu. Can kowace jiha tana da dokokinta na hukunta laifuffuka da 'yan sandanta, gwamnatin tarayya kuma ba ta da ikon tilasta wa 'yan sandan jiha su aiwatar mata da dokarta. Jihar Kalifoniya ce ta fara ba da izinin amfani da wiwi don magani a 1996. A 2012 jihohin Kolorado da Washinton suka ba manya damar sha don nishaɗi. Zuwa ƙarshen 2023, jihohi 24 cikin 50 suka bi wannan hanya. Duk da haka dokar tarayyarsu ta 1970 ba ta yarda da shan ta don nishaɗi ba. Ko a jihohin da suka halatta akwai sharuɗɗa: sai mutum ya cika shekara 21, akwai iyakar abin da zai riƙe, a yawancinsu ba a sha a bainar jama'a, ba a tuƙi cikin maye, ba a tsallaka da ita wata jiha. Baƙo kuwa, irin ɗan Najeriya da ya je karatu, yana iya rasa takardunsa na zama saboda ita, domin shige da fice a hannun tarayya yake. Waɗannan bayanai ba sa fitowa a guntun bidiyon da yaranmu ke kallo a waya.

SAURAN ƘASASHE FA?

Ƙasashe kaɗan ne suka yarda manya su sha don nishaɗi. Yurugwai ta yi haka a 2013, Kanada a 2018, Jamus kuma a 2024 tare da sharuɗɗa masu yawa. A nahiyarmu, kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu ta yanke a 2018 cewa babba zai iya sha a keɓe, amma ba ta halatta saye da sayarwa ba. Lesoto ta fara ba kamfanoni lasisin noma ta don magani a 2017, Maroko ta yi dokar haka a 2021. Gana ta amince a 2023 a ba da lasisin noman irin da sinadarinsa mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba, wanda ko an sha ba ya sa maye, amma shan wiwi laifi ne a can. Tailan, wadda gwamnan Ondo ya je koyo a wurinta, ta saki abin sosai a 2022, sai ga shagunan wiwi ko'ina. A watan Yuni na 2025 ta dawo ta ce sai da takardar likita.

Maƙwabtanmu Nijar da Benin duk sun hana ta. Jiharmu tana iyaka da su biyun, mutanenmu kuma suna kai da komo ta Kamba da Kangiwa da Bachaka don kasuwa da zumunci. Wanda aka kama da ita a ƙetare zai fuskanci shari'a da Faransanci, nesa da danginsa.

A watan Disamba na 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta kaɗa ƙuri'a, ƙasashe 27 suka rinjayi 25, aka cire wiwi daga rukunin abubuwan da ake ganin sun fi haɗari kuma ba su da wani amfani a asibiti. Najeriya tana cikin waɗanda suka ƙi. Wannan ƙuri'a ta amince ne cewa ana iya samun magani daga tsiron. Ba ta cire shi daga jerin abubuwan da yarjejeniyar 1961 ta wajabta wa ƙasashe su tsare sosai ba.

BATUN MAGANI

Ba za mu ɓoye muku ba, akwai magunguna na gaskiya da suka fito daga wiwi. A 1985 aka amince a Amurka da wata ƙwaya mai sinadarin THC don rage amai ga masu ciwon daji da ake yi wa magani mai ƙarfi. A 2018 aka amince da wani maganin ruwa mai suna Epidiolex, wanda aka yi da CBD, don wasu irin farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Akwai kuma wanda ake fesawa a baki don rage sandarewar jijiyoyi ga masu wata cuta ta laka.

Amma a duba yadda ake yin su. Ana tace sinadarin a masana'anta, a auna shi daidai, a gwada shi shekara da shekaru, sa'an nan likita ya rubuta wa mai wata cuta takamaimai, yana kuma bin yadda jikinsa ke karɓa. Ƙullin da ake saye a bayan tasha ba wanda ya san ƙarfinsa ko abin da aka gauraya a ciki. Wani ganyen ma, irin wanda samari ke kira Kolorado, sinadarin masana'anta ake fesa masa wanda ya fi wiwi haɗari nesa ba kusa ba. Mu tuna cewa allurar kashe zafi da ake yi wa mutum bayan tiyata daga tsiron da ake yin hodar heroyin ta fito, amma ba mai hankalin da zai ce don haka a sayar da heroyin a kasuwa.

Dokarmu ta bar 'yar ƙaramar ƙofa don magani da bincike, amma sai da lasisin hukumomin lafiya na tarayya. Mai kemis na ƙauye ba shi da wannan lasisi, haka mai maganin gargajiya. Muna roƙon iyaye masu yaro mai farfaɗiya kada su yarda wani ya ba su ganye ko mai da sunan maganin Turai. Akwai magungunan farfaɗiya masu rahusa a asibitocinmu, kuma yawancin masu cutar suna samun sauƙi idan sun riƙa sha a kan ƙa'ida.

ILLARTA GA JIKI DA GIDA

Ma'aikatan ƙwadago da yawa a fadama, masu shukar shinkafa da yanka da bugu, da masunta da 'yan kabu-kabu, sukan ce suna sha ne don su sami ƙarfin aiki. Wiwi ba ta ƙara ƙarfi. Tana rufe wa mutum jin gajiya ne na ɗan lokaci, jiki kuwa yana ci gaba da lalacewa. Tana rage saurin ankara, abin da kan jawo haɗari a kan babur ko a cikin kwalekwale. Hayaƙinta yana cutar da huhu. Mai ciki da ke sha tana iya haifar jariri mara nauyi.

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama girma sai wajen shekara 25, shi ya sa illar ta fi yawa ga wanda ya fara da wuri. Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin 10 na masu sha yakan kamu har ya kasa bari, ga waɗanda suka fara tun suna samari kuwa, ɗaya cikin 6. Wani babban bincike da aka yi a Turai da Burazil, aka buga a 2019, ya gano cewa masu sha kullum sun ninka marasa sha wajen sau uku a haɗarin kamuwa da taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar. Ba kowane mai sha ke haukacewa ba, gaskiya ne, amma ba wanda ya san ko shi ne zai faɗa. Yawanci kuma ba ita kaɗai ake sha ba, ana haɗa ta da tiramol ko kodin ko sholisho.

A gida kuwa, kuɗin taki da na makaranta da na cefane ne ke tafiya. Bashin da ƙungiya ta ba mutum don noman rani yakan narke, sauran 'yan ƙungiya su biya a madadinsa.

TARKUNA HUƊU DA ZA A KIYAYE

Na ɗaya, ga manomi. Bayan shekarar asara, irin ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar jihar nan, wani yana iya zuwa ya ce ka ba shi aron gefen gonarka, ko ka shuka masa 'yan tsirrai a tsakiyar dawa, zai biya ka da kyau. Ranar da aka gano, mai gona za a fara nema. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk wanda ya ba da aro ko jinginar gona, ya riƙa leƙa ta.

Na biyu, ga direba da ɗan kabu-kabu. Kada ka karɓi saƙo a ɗaure daga wanda ba ka sani ba. Ka ce a buɗe a gabanka, a gaban shugabannin tasha. Wanda ya ƙi buɗewa, ko ya ba ka kuɗin da ya wuce ƙa'ida, ka san akwai lauje cikin naɗi.

Na uku, ga mai gidan haya ko shago. Ka san wanda ka ba haya da sana'arsa. Idan ka ga abin da ba ka gane ba, ka sanar da mai unguwa tun da wuri.

Na huɗu, ga matafiyi. Saudiyya tana yanke hukuncin kisa a kan safarar miyagun ƙwayoyi. A watan Disamba na 2018 aka kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a can saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin sama na Kano ba da saninta ba. Sai a ƙarshen watan Afrilu na 2019 aka sake ta, bayan bincike ya wanke ta. Mai zuwa Umara ko Hajji ko ziyarar Urushalima ya ƙirga jakunkunansa, ya duba takardun awon kayansa, kada ya ɗaukar wa kowa kaya.

IDAN AN KAMA WANI NAKA

Wanda aka kama yana da haƙƙi, ko da ya yi laifin. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a sanar da shi dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa. A kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta hana a kama uwa ko mata ko ɗan'uwa a madadin wanda ake nema, ta kuma ce mace tana iya tsaya wa mutum beli. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ya fahimta ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya. Muna gargaɗin iyaye kada su sayar da gona ko shanun huɗa su ba wani ɗan tsakani da ya ce zai kashe maganar. Ba da cin hanci laifi ne na dabam, kuma sau da yawa kuɗin kan tafi, yaron yana tsare.

AIKIN DA KE GABANMU

Kama mutum ba ya raba shi da shaye-shaye. Wanda ya kamu mara lafiya ne, yana buƙatar jinya. NDLEA tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, kuma a 2022 ta buɗe layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, wanda ake kira dare da rana. Akwai Asibitin Tarayya na Masu Taɓin Hankali a Kware, kusa da Sakkwato. Ana iya farawa daga babban asibitin Argungu ko asibitocin Birnin Kebbi, su tura mutum inda ya dace. Alamun da za a lura da su sun haɗa da jan ido, yawan keɓewa, sauyin abokai, ɓatan kuɗi ko hatsi a gida, rashin barci, zargin mutane ba dalili, da magana shi kaɗai. Ɗaure mutum da mari ko dukansa ba ya warkar da shi, ƙara masa ciwo yake yi. Addu'a da asibiti ba sa faɗa da juna, a haɗa su.

Littafi Mai Tsarki ya koya mana mu kula da jikinmu domin na Allah ne, mu kuma yi biyayya ga hukuma, kamar yadda za ku karanta a 1 Korantiyawa sura 6 da Romawa sura 13. A Luka sura 15 kuma mun ga yadda uba ya karɓi ɗansa da ya lalace ya dawo. 'Yan'uwanmu Musulmi ma addininsu ya haramta duk abin da ke gusar da hankali. A kan wannan batu bakinmu ɗaya ne, don haka muna kira ga fastoci da limamai, da zumuntar mata da ta matasa, da shugabannin tasha da na masunta, su riƙa karanta wa jama'arsu wannan bayani. Ranar 26 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya, kowace ƙungiya tana iya shirya ɗan taro a garinta.

Iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku zauna da 'ya'yanku ku yi musu bayani da hujja, domin abin da ba su ji daga bakinku ba za su ji shi a waya. Wanda kuma ya riga ya faɗa, kada a kore shi daga gida ko majami'a. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya fito daga gidan yari ko asibiti yana buƙatar gona ko sana'a da zai riƙe, in ba haka ba zai koma inda ya fito. Ƙungiyoyinmu na manoma da na koyon sana'a su buɗe masa ƙofa.

Mai tambaya a kan wannan batu yana iya ba ma'aikacinmu da ke zuwa garinsu, ko ya kawo ofis da kansa. Ba za mu bayyana sunan kowa ba. Allah ya tsare mana zuriyarmu, ya ba masu jinya lafiya, ya sa albarka a aikin hannunmu. Amin.